Muhawara: Gudun kilomita biyar ko ɗaga ƙarfe? Atisayen 'yan matan sofbol a zafin Jidda

Ummu_Raihan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu sanin horar da 'yan wasa. Akwai 'yar ƙungiyar sofbol (wasa mai kama da besbol, inda ake buga ƙwallo da sanda a zagaye tashoshi huɗu da gudu) ta mata a nan Jidda, su 14, shekarunsu daga 15 zuwa 28. Suna haɗuwa sau uku a mako a filin wata istiraha (wurin shaƙatawa na haya) mai ciyawar roba, kuma saura mako takwas su fara wasannin sada zumunci. Tsarin da ake bi yanzu shi ne gudun kilomita biyar a farkon kowace haɗuwa, sai jifa da bugu da ɗan lokacin da ya rage. Hujjar masu tsarin ita ce wai sai da numfashi ake wasa. To uku daga cikin yaran suna kukan ciwon ƙauri, mai jifa ɗaya kuma gaban kafaɗarta na damunta. Gudun nan shi sofbol yake bukata, ko a canza? In za a canza, da me?

Koci_Hadiza:
Wa alaikumus salam Hajiya. A canza. Auna filin kawai za ki ga dalili. Tsakanin tasha da tasha mita 18.29 ne. Wadda ta buga ƙwallo ta kai tasha ta biyu ta yi mita 36 da 'yan kai, wadda ta zagaye duka huɗun ta yi mita 73, kuma shi ne gudu mafi tsawo da wasan zai taɓa nema daga gare ta. A wasa mai zango bakwai, sau uku ko huɗu za ta riƙe sanda. Sauran lokacin tana tsaye ne tana jira, sai kwatsam a bukaci ta zabura na daƙiƙa biyu ko uku. Gudun kilomita biyar yana koya wa ƙafa taku gajere a hankali na rabin sa'a, alhali wasan na neman taku goma sha biyu masu ƙarfi.

Abu na biyu ya fi muni: an sa gudun a farko. Yarinya ta gaji sannan aka ba ta ƙwallo ta yi jifa. Ƙafar da ta gaji ba ta tura jiki, sai kafaɗa ta ɗauki aikin da ba nata ba. Ciwon ƙaurin kuwa na kilomita 15 ne a mako ga ƙafar da ba ta saba ba.

Baba_Kyaftin:
Malama Hadiza, kada mu yi saurin zubar da gudu. A gasa ana iya buga wasa biyu ko uku a yini ɗaya. Wadda ba ta da numfashi, a wasa na biyu za ki ga hannunta ya yi sanyi, idonta ya daina bin ƙwallo. Kuma zafin Jidda mai laima ne, gumi ba ya bushewa. Jikin da ya saba da dogon aiki shi ke jure wannan.

Koci_Hadiza:
Baba, ban ce a bar numfashi ba, hanyar samunsa nake magana. A yi mita 60 a kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari na saurinta, ta dawo da tafiya, sau 8 zuwa 10, a huta minti biyu, a sake zagaye ɗaya. Jimilla kusan kilomita ɗaya ke nan, zuciya ta yi aiki, ƙauri bai sha duka ba. Kuma a ƙarshen atisaye ake yinsa.

Dr_Maryam_Fisiyo:
Ina goyon bayan Koci, amma a fara da masu ciwon. Ciwon ƙauri iri biyu ne a nan. In ciwon ya bazu a gefen ciki na ƙashin, tsawon tafin hannu ko fiye, kuma yana lafawa idan jiki ya ɗumama, yawanci gajiyar mahaɗar tsoka da ƙashi ce. A dakatar da dogon gudu mako biyu, a koma keken motsa jiki, a riƙa ɗaga dunduniya a bakin matakala sau 15, zagaye uku, kullum. In kuwa ta iya nuna wurin da ɗan yatsa ɗaya, ko tsalle da ƙafa ɗaya ya gagara, ko yana yi mata ciwo tana kwance da dare, wannan alamar tsagewar ƙashi ce, sai asibiti. Hoton ƙashi na farko kan fito lafiya a makonnin farko ko da akwai tsagar, don haka kada a dogara da shi kaɗai.

Yar_Misfala:
Anti Maryam, ita mai kafaɗar fa? Mu dai abin da muke ji shi ne jifan sofbol ta ƙasa ake yi, ba ya illa kamar na besbol.

Dr_Maryam_Fisiyo:
Wannan maganar ita ta sa ake barin yarinya ɗaya ta yi jifa wasa uku a jere. Gaskiya ne gwiwar hannu ba ta shan irin murɗar da take sha a jifan sama. Amma hannun yana zagaye cikakke da gudu, kuma a daidai sakin ƙwallo ƙarfin da ke fizgar hannu daga kafaɗa yana kusa da nauyin jikin mai jifar. Ƙwanjin hannu ne ke taka birki, kuma an auna an ga yana aiki a jifan ƙasa fiye da a jifan sama. Jijiyarsa ta gaban kafaɗa take bi ta shiga gaɓar, shi ya sa ciwon nasu a gaba yake fitowa. Ita wannan yarinyar a tsayar da jifa mai ƙarfi har a duba ta. In ɗaga hannu sama ko kwanciya a kan ɓangaren yana yi mata ciwo, hutun kwana biyu ba zai wadatar ba.

Abu_Sultan_Riyad:
Yukiko Ueno ta Japan ta jefa ƙwallo 413 cikin kwana biyu a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ta ci zinare, kuma ta dawo ta sake ci a Tokiyo a 2021. To ina illar?

Koci_Hadiza:
Malam, ita ƙwararriya ce da ta shafe shekaru ana gina mata jiki, ga likitoci a bayanta. Ba a auna 'yar shekara 16 da ta fara bara da ita. Ga sabuwar mai jifa ni zan tsaya a ƙwallo 50 zuwa 70 a zama ɗaya, har da na ɗumama hannu, kuma ba kwana uku a jere ba. Ƙungiya mai mutum 14 ta horar da masu jifa uku, ko da ta ukun ba ta da sauri.

Sister_Binta_Nos:
A rubuta adadin a littafi. In ba a ƙirga ba, kowa zai ce "ai kaɗan ta yi".

Koci_Zainab_Dammam:
Bari in kawo abin da za a saka a gurbin gudun, tunda shi Hajiya ta tambaya. Minti 15 na farko ɗumama jiki ne: sassarfa minti uku, tafiyar gefe, ɗaga gwiwa, takun durƙuso da juya ƙugu, sai tsalle da sauka a hankali. Miƙa tsoka a tsaya cik na dogon lokaci a bar shi sai bayan an tashi.

Daga nan sai gudun sauri, tun jiki yana sabo. Mita 10 sau huɗu, mita 18 sau huɗu, a ba da hutun kusan minti ɗaya ga kowace mita goma da aka gudu. Masu horarwa da yawa ba sa iya haƙuri da wannan hutun, suna ganin yara na zaman banza. In aka rage shi, gudu na uku ya riga ya yi sanyi, an koma atisayen numfashi ba a sani ba. A riƙe agogo: daga gida zuwa tashar farko, ƙwararru suna yi ƙasa da daƙiƙa uku. Da zarar lokacin yarinya ya fara ƙaruwa a fili, ta gama na ranar.

A koya musu lanƙwasa ma. Mai nufin tasha ta biyu tana ɗan fita dama kafin ta isa ta farko, ta taka kusurwar ciki ta tashar, ta karkata jiki hagu. Wadda ta zo a miƙe sai ta yi faɗi da yawa, ta ƙara wa kanta mita biyu ko uku a banza.

Ƙarfe kuma sau biyu a mako, minti 40 zuwa 45. Tsuguno da nauyi a ƙirji, zagaye uku sau 8. Ɗaga nauyi daga ƙasa da baya a miƙe, ana tura ƙugu baya, uku sau 8. Takun durƙuso na baya da na gefe, sau 6 kowace ƙafa. Turin ƙasa. Jan nauyi zuwa haƙarƙari da hannu ɗaya, kuma a yi ja ya ninka turi, domin jifa ya riga ya cika gaba da aiki. Nauyin da ya dace shi ne wanda in ta gama takwas za ta iya ƙara biyu, ba fiye ba. Idan ta yi mako tana gamawa cikin sauƙi, a ƙara kilo ɗaya ko biyu.

Maman_Jud:
Malama Zainab, ba kowa ke da kuɗin nadi, wato gidan motsa jiki, ba. Wasu kuma iyayensu na tsoron ƙarfe zai sa su yi jikin maza, ko ya tsaida girman ƙananan.

Koci_Zainab_Dammam:
Galan mai lita biyar kilo biyar ne. Jakar makaranta a cika ta da littattafai, a rungume ta a ƙirji. Buhun shinkafa mai kilo goma ya isa tsuguno na makonnin farko. Robar ja kuwa ana samunta da araha a shagunan kayan wasa. Maganar jikin maza, sinadarin da ke kumbura tsoka yana da ƙaranci sosai a jikin mace, kuma atisaye biyu a mako ba ya kai wa can. Abin da za a gani shi ne ƙugu da baya sun yi ƙarfi. Tsaida girma ma ba a same shi ba a atisayen da ake sa ido a kansa, da nauyi daidai ƙarfin yarinya. Haɗarin yana wurin barin ta ita kaɗai ta gwada nauyin da ya fi ta.

Dr_Maryam_Fisiyo:
In ƙara a kan jerin Malama Zainab: gwiwa. Jijiyar nan ta cikin gwiwa da likitoci ke ce wa ACL tana tsinkewa a mata fiye da maza, ninki biyu zuwa sama a wasannin tsalle da juyi, kuma galibi ba wanda ya taɓa mai ciwon. Saukowa take yi ko ta taka birki da ƙafa a miƙe, gwiwa ta faɗa ciki. Gwajin mai sauƙi ne: ta tsaya a kan matakala mai tsayin santimita 30, ta sauko da ƙafa biyu, wata ta ɗauke ta bidiyo daga gaba. In gwiwoyin suka nufi juna, ko saukar ta yi ƙara, akwai aiki. A koya mata sauka shiru, ƙugu baya, gwiwa a saitin yatsan ƙafa na biyu. Shirye-shiryen ɗumama jiki irin FIFA 11+ don ƙwallon ƙafa aka yi su, amma ɓangaren tsalle da daidaito ya dace da sofbol, kuma irin wannan atisaye yana rage tsinkewar jijiyar da kusan rabi in an dage sau biyu ko uku a mako.

Sai tsokar bayan cinya, wadda ke yagewa a gudun tashar farko. Ta durƙusa a kan tabarma mai laushi, abokiyarta ta danne mata idon sawu, ta riƙa faɗawa gaba a hankali tana riƙe kanta, ta tare da hannu. Makon farko zagaye biyu sau 4 ko 5, rana ɗaya kacal, domin tsamin jikin da yake kawowa yana kai kwana uku. Kada a fara shi a makon wasa.

Baba_Kyaftin:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar zafi. Ƙarfe a cikin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ba ya koya wa jiki gumi.

Sister_Binta_Nos:
Baba yana da gaskiya a nan. Sabawa da zafi tana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 ana aiki a cikinsa, ana ƙarawa sannu-sannu: gumi ya fara fita da wuri, gishirin cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Sai dai atisayen filin kansa yana yin wannan aikin, ba sai an ƙara kilomita biyar ba. Kwana uku na farko a tsaya a minti 45 zuwa sa'a ɗaya, mai cafewa (wadda ke tsugune bayan mai bugu tana cafe ƙwallon da aka jefo) kada ta sa cikakkun kayanta. Ita ce ta fi kowa haɗari: hular ƙarfe, garkuwar ƙirji, na ƙauri, ga tsuguno ba iyaka. Lokaci kuma bayan magariba ko bayan isha'i. Ciyawar roba a rana tana iya haura digiri 60, kuma tana riƙe zafi bayan la'asar. Ko ma'aikata an hana su aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, balle yara a fili.

Ruwa: a auna kowace yarinya kafin atisaye da bayansa na 'yan kwanaki. Mai kilo 60 in ta rasa fiye da kilo 1.2, wato kashi biyu cikin ɗari, ruwan da take sha bai isa ba. Kowane kilo da ya tafi a mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi cikin sa'o'in da suka biyo. Sa'a huɗu kafin fita ta sha mililita 300 zuwa 400. A fili a tsaya shan ruwa kowane minti 15 zuwa 20. In zama ya wuce sa'a ɗaya, a lita ɗaya ta ruwa a zuba sukari babban cokali huɗu zuwa biyar, gishiri kwatan ƙaramin cokali, a matse lemun tsami.

Yarinyar da ta fara magana ba kan gado, ko tana tangaɗi, ko ta yi fushi ba dalili, kada a jira ta suma. A cire mata kaya masu nauyi, a jiƙa ta da ruwan ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, ko a tsoma ta cikin baho in akwai, a kira motar asibiti a 997. Sanyayawa ake farawa da ita kafin ɗauka.

Yar_Misfala:
Hijabin wasa ma a duba. Mai yadi mara nauyi da ke fitar da gumi, wanda ake zurawa ba fil ba allura. Auduga in ta jiƙe sai ta manne ta yi nauyi. A zo da biyu a canza a tsakiya.

Dr_Auwal_Madina:
Akwai abin da ya shafe mu Hausawa musamman, kuma ban ga an ambata ba: sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Mai AS tana wasa lafiya lau, ba a hana ta. Amma gudu mai tsanani ba hutu, cikin zafi da ƙishirwa, yana iya sa ƙwayoyin jininta su lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini a tsoka, kuma hakan na iya farawa cikin minti biyu zuwa uku na gudun ƙure ƙarfi. Ana rikita shi da ɗaurewar tsoka. Bambancin: a ɗaurewa tsokar tana tauri tana murɗawa, mai ita tana ihu. A wannan kuwa ƙafafun ne ke saki, tsokar da laushinta, yarinya ta sulale ƙasa. Jami'o'in Amurka na rukunin farko sun wajabta tantance 'yan wasansu tun 2010 saboda mace-macen da aka samu a atisaye. A nan ƙasar gwajin kafin aure ya haɗa da sikila tun 2004, don haka matan auren cikinsu da yawa sun san nasu. 'Yan matan a yi musu. Wadda aka samu da AS ta bi nata saurin, a ƙara mata hutu, a cire ta daga gudun horo na ladabtarwa da gwajin "wa zai riga gajiya", kuma ranar da take zazzaɓi ko asma ta tashi ta zauna a gida.

Ummu_Raihan:
Subhanallah. Likita wannan ko kusa bai zo mana a rai ba. Allah ya saka da alheri.

Maman_Jud:
Tunda likitoci sun hallara, ranakun al'ada fa? Akwai masu cewa a tsara atisaye bisa kwanakin wata.

Dr_Auwal_Madina:
Da aka tattara binciken da ake da shi a 2020, bambancin ƙarfi tsakanin kwanakin ya fito ɗan kaɗan ne, kuma ya sha bamban daga mace zuwa mace. Don haka ba a yi wa ƙungiya duka tsari ɗaya a kan wannan. Kowace ta rubuta kwanakinta da yadda take ji na wata uku, wadda ciwon mara ke kayarwa a rage mata a ranakun. Abin da ya fi damuna biyu ne. Na ɗaya ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe, a jini. Mace mai shekara 19 zuwa 50 tana bukatar miligiram 18 a rana, namiji 8. Mai zubar jini da yawa za ta riƙa haki a gudun mita 60, a ce mata raguwa, a ƙara mata gudu, alhali gwajin feritin, mai nuna ajiyar ayon a jiki, take bukata. Ƙasa da 30 a ɗan wasa abin dubawa ne ko da awon jinin ya fito daidai. Shayi a kan abinci yana hana jiki tsotse ayon, a jinkirta shi sa'a ɗaya. Hanta, jan nama, adas da wake, a haɗa da lemu. Kada a sayi ƙwayar ayon a saidaliyya (kantin magani) ba gwaji.

Na biyu, al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki ba. Wasu na ɗauka alamar atisaye ya kama jiki ce. Yawanci alama ce cewa abincin bai kai aikin ba, kuma ƙashi ne ke biya. In ɗaya daga cikin masu ciwon ƙaurin nan tana rage cin abinci don ta rame, a haɗa maganganun biyu. Ga kuma ƙarancin bitamin D da ya yi yawa a matan ƙasar nan duk da ranar da muke da ita.

Koci_Zainab_Dammam:
Abinci a taƙaice: furotin kusan giram 1.6 ga kowane kilo na jiki. Mai kilo 60 tana neman kusan giram 95, a raba sau huɗu. Ƙwai ɗaya giram 6, kofin laban (nono) kusan 8, dafaffiyar tsokar kaza giram 100 kusan 30. Kabsa ba laifi, amma sa'a uku kafin fili. In saura sa'a ɗaya, ayaba ko dabino da ruwa. Bayan an tashi, laban da dabino kafin a isa gida.

Abu_Sultan_Riyad:
In azumi ya riske su a tsakiyar shiri fa?

Koci_Hadiza:
Ƙarfe da gudun sauri su koma bayan tarawihi, aƙalla sa'a biyu bayan buɗa-baki. A rage yawan zagaye da kusan kashi ɗaya cikin uku, a bar nauyin yadda yake, haka ƙarfi ke tsayawa. Kafin magariba sai aikin hannu mai sauƙi na rabin sa'a a inuwa. Ruwa a rarraba shi daga buɗa-baki zuwa sahur, kofi ɗaya kowace sa'a, domin lita biyu a zama ɗaya fitsari kawai take zama. Barci ne ke lalacewa a watan, kuma 'yan ƙasa da 18 suna bukatar sa'a 8 zuwa 10.

Malam_Sani_Alkalin_Wasa:
Kun yi ta maganar tsoka, ku bar ni in yi ta fili. Raunin idon sawu da yatsu da yawa daga zamiya yake zuwa, musamman wadda aka yanke shawararta a makare. A koyar da ita a kan kwali ko leda mai ruwa, ba takalmi: ƙafa ɗaya a naɗe a ƙarƙashin ɗayar, a zauna a kan ɗuwawu da bayan cinya, hannuwa sama, a fara tun saura mita uku. Zamiya da kai a gaba a hana sababbi. A ciyawar roba a sa dogon wando mai kauri, tana ƙona fata. Tashar da aka kafe da ƙusa ita ke karya ƙafa, a nemi mai ɓallewa in an buge ta, tashar farko kuma a sa mai biyu, fara da ruwan lemu, don kada mai gudu da mai tsaro su yi karo. Mai jifa tana mita 13.11 daga mai bugu, in ta yi takunta ta saki ƙwallo saura kusan 11. Ƙwallon ba laushi gare shi ba, ya kusa giram 190. Ita da masu tsaron tasha ta ɗaya da ta uku su sa garkuwar fuska.

Yar_Misfala:
Malam, takalmi mai haƙora fa a ciyawar roba?

Malam_Sani_Alkalin_Wasa:
Mai ƙananan ƙurajen roba. Dogon haƙori yana cije ciyawar, ƙafa ta tsaya jiki ya juya, gwiwar da Dakta Maryam ta yi bayani ta tafi.

Dr_Maryam_Fisiyo:
Na bar kafaɗa a rabi, bari in cike. Kafin kowane jifa, minti biyar da robar ja mara ƙarfi: gwiwar hannu manne da haƙarƙari a juya hannu waje sau 15, a juya ciki sau 15, a ja robar a buɗe ƙirji ana matse allon kafaɗa, sai ɗaga hannu sama a karkace. In ana yi wuya ne ke gajiya, robar ta yi ƙarfi. Kuma a tuna duk 'yan filin ta sama suke jifa, har mai jifar kanta in ta ɗauki ƙwallo za ta aika tasha. Nisa a hau shi mataki-mataki: mita 10, 15, 20, sannan 25, jifa goma a kowanne, rana ɗaya a tsallake ɗaya. Daga gida zuwa tasha ta biyu kusan mita 26 ne, mai cafewa sai ta kai nan ba ciwo kafin a nemi sauri. Masu bayan fili su kai 40 zuwa 50 a hankali.

Bugu da jifa duk daga ƙugu suke tashi. Ƙwallo mai nauyin kilo biyu zuwa uku, a tsaya a gefe a wurga shi bango da juyin ƙugu, sau 6 kowane ɓangare, zagaye uku. Kowane ɓangare na ce, har wanda ba ta bugu da shi, don kada baya ya karkace wa aiki ɗaya. Mai nauyi da yawa yana rage sauri, amfanin ya tafi.

Hajja_Kaltume:
Cikin masu shekara 28 ɗin nan akwai masu jego? A bar gudu da tsalle sai bayan kusan wata uku da haihuwa, kuma sai in ba ɗigar fitsari ko jin nauyi a ƙasa. Arba'in ba ta isa ba. Ɗigar fitsari a tsalle tana samun har waɗanda ba su haihu ba, suna jin kunyar faɗa sai su daina shan ruwa. Mace ce ya kamata ta tambaye su a keɓe.

Ummu_Raihan:
Akwai ɗaya, Hajja, wata biyu ke nan. To yanzu in an haɗa duka, yaya makon zai kasance? Wasannin ranar Asabar da dare za a riƙa yi.

Koci_Hadiza:
Lahadi hutu. Litinin fili: ɗumama jiki, gudun sauri, jifa da bugu, a rufe da mita sittin-sittin ɗin nan. Talata ƙarfe a gida ko nadi. Laraba fili, a fi ba tsaro da zamiya ƙarfi. Alhamis ƙarfe mai sauƙi da ƙwallo mai nauyi. Juma'a hutu. Asabar fili, daga baya ta zama ranar wasa. Mako biyu na farko koyon yadda ake yi ne da sabawa da zafi, na uku zuwa na shida a ƙara nauyi, a sassauta a na huɗu, biyu na ƙarshe a rage ƙarfe da rabi a bar sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada a shigo da wani sabon atisaye a makon ƙarshe.

Koci_Zainab_Dammam:
Ni zan haɗa ƙarfe da fili a rana ɗaya, minti 25 bayan an tashi. Kwana biyar a mako ga ɗalibai da matan aure ba zai ɗore ba, ga matsalar mota. Abin da aka ce a yi a gida, rabinsu ba za su yi ba, wanda aka yi kuma ba mai gyara musu tsayuwa.

Koci_Hadiza:
Bayan sa'a ɗaya da rabi a laimar Jidda wane ƙarfi ya rage na tsuguno da nauyi? Sai dai a sa shi bayan gudun sauri, a rage bugu.

Baba_Kyaftin:
Ni dai ina nan kan bakana, a bar musu gudu ɗaya mai tsawo a mako, minti 20 zuwa 25 a hankali, ko a Kornish da asuba ranar Juma'a. Na yarda a cire shi daga gaban jifa, na yarda biyar sau uku ya yi yawa. Amma masu jifa da mai cafewa su ne ke aiki a kowane ƙwallo, sama da ɗari a wasa ɗaya, su kam suna bukatarsa.

Dr_Maryam_Fisiyo:
Baba, ga masu ƙafa lafiya ba ni da ja. Ukun nan masu ƙauri su yi nasu a keke ko a ruwa tukuna. Hajiya, ki fara tambayarsu ko za su iya nuna wurin ciwon da yatsa ɗaya, ki dawo mana da amsa.

Ummu_Raihan:
In sha Allah gobe bayan isha'i za su haɗu, zan tambaya. Malama Zainab, galan ɗin lita biyar a hannu ɗaya ake riƙewa wajen takun durƙuso, ko biyu?

Koci_Zainab_Dammam:
Ɗaya a makon farko, a hannun da ke kishiyar ƙafar gaba. In gwiwa ta daina rawa, a ƙara na biyu.